Ɗiyar Mas'udu Ba Ta da Suna

Alhamis, bayan azahar

Lauratu, matar ɗana Mas'udu, ta sauka lafiya da hantsin nan. Mace. Ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bilki ungozoma ce ta leƙo zaure ta ce, "Malam Gide, ka yi amarya, sai ka tashi neman sadaki." Na yi dariya don kada ta ce ban yi ba.

Ni na yi wa yarinyar kiran salla a kunne, tunda uban ba shi nan. Malam Rabo, limaminmu, ya ce in haɗa da huɗubar suna gaba ɗaya. Na ce a'a. Kafin Mas'udu ya tafi kasuwar Yankara, ranar da motarsu ba ta dawo ba, ya tsaya a bakin zauren nan yana ɗaura hula ya ce, "Baba, in mace ce na riga na zaɓi suna, amma ko kai ba za ka ji ba sai ranar." Na ce ni da na raɗa wa rabin garin nan sunan kira, ni za ka ɓoye wa? Ya ce, "Ai shi ya sa." To sunan yana bakinshi. Ba ni da ikon cire shi daga can.

Ban yi boko ba. Wannan rubutun na ajin yaƙi da jahilci ne, da gemuna na koye shi. Ina yin shi ne don abin da ke cikina ba shi faɗuwa gaban mata, shi kuwa Nasir, ƙanen Mas'udu, kayan da ke kanshi sun ishe shi.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Nasir ya hau dutsen bayan gari tun da sassafe, don can ne kawai waya ke kamawa. Ya dawo wandonshi duk taɓo. Waɗanda suka tare motar sun kira. Abin da suka ce ba zan rubuta shi ba.

Ya ce sun miƙa wa Mas'udu wayar, ya ji muryarshi. Na ce, "Ka gaya mashi an haihu?"

"Baba, sallama kawai ya yi suka karɓe."

"Muryar yaya take?"

"Lafiya lau."

Da ya faɗi haka ba ni yake kallo ba, ragon suna yake kallo a turke. Mas'udu ne ya sayo ragon nan tun yana ƙarami, da hannunshi ya yi ta ba shi dusa da harawa. Yanzu in na kai mashi abinci sai ya shinshina ni tukuna.

Asabar, da hantsi

A garin nan liman ke da sunan yanka, ni ke da sunan kira. Haka na tarar da kakana yana yi. In an yi haihuwa sai a zo a gaya mani rana, da yanayin gari, da waɗanda yarinya ta tarar a gabanta, ni kuma in faɗi abin da za a riƙa kiranta. Ba ni ke ƙirƙira ba. Yarinya da sunanta take zuwa, ni dai gane shi nake yi. Wadda ta zo cikin watan azumi Azumi ce. Wadda ta biyo tagwaye Gambo ce. Wadda uwarta ta daɗe ba ta haihu ba har an manta, ta zo ta tuna wa mutane, Tuni ce. Wadda aka yi ta roƙon Allah kafin a same ta Kyauta ce. In ka ji sunan mace a nan, ka ji labarin gidansu ba sai ka yi tambaya ba.

Wannan kuwa sunaye uku ke tsaye a bakin ƙofa suna jiranta. Ranar Alhamis ta zo, Lami ke nan. Maza biyu ta tarar a ɗakin uwarta, Kande ke nan, ko Delu in an fi so. Tsakiyar marka ta faɗo, ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, Marka ke nan. Da ɗiyar wani ce da tuni na zaɓa ina cin goro.

Amma sunan kira bayan na yanka yake tafiya, ba ya wuce shi. Na ce wa Mero, uwar 'ya'yana, ta gaya wa mata kowa ya riƙe bakinshi. Jaririya ce sunanta har ubanta ya dawo.

Mero ta tashi ta gaya masu. Mas'udu ɗanta na fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunanshi ba don kunya. Ga shi har ya fara furfura, har yanzu "yaron nan" take ce mashi. Tun ranar motar ko "yaron nan" ɗin ma ta daina.

Lahadi, da yamma

An fitar da shanun huɗa, za a sayar a haɗa abin da masu kiran suka nema. Ban fito ba. Na ji dai ƙarar ƙyaure.

Litinin, bayan la'asar

Hafiza, jikata da ke aure a Kankara, ta zo barka. Na hau ta da faɗan biyo hanya a irin wannan lokaci, ta ce, "Tsoho, kai da ko Faskari ka daina zuwa, me ka sani a hanya?" Ta zauna a gefen tabarmata ta cinye mani rabin goro.

Ta ce yanzu gajerun sunaye ake yayi a birni. "Nur, haske ke nan. Hanan, tausayi. Amal, fata. Iman kuwa ko kai ka san shi."

"Duk Larabci ne?"

"Duka."

Na ce mu ma ai gajerun muke da su tun ba a haifi uwarki ba. Dije Khadijatu ce. Bilki Bilkisu ce. Indo A'isha, Kulu Hauwa'u, Abu Zainabu, Binta Faɗimatu. Su ma daga can suka zo, amma bakin mutane ya goge su shekara da shekaru har suka yi santsi kamar ƙotar fartanya. Naku kuwa daga waya aka ciro su jiya, ba su san kowa a garin nan ba.

Ta ce, "To Gide fa, daga ina aka ciro shi? Daga ƙasan rumbu?"

Na kai mata sanda ta goce. Mero ma na ji ta yi 'yar dariya a madafa, ta farko tun ranar.

Da za ta tafi ta rage murya. "A sa mata Amal mana, tsoho. Fata fa."

Na ce ba ni ke da sawa ba. Na raka ta har bakin mota, na tsaya har ƙurar tunanina ta kwanta, don ƙurar ƙasa babu ita cikin wannan ruwa. Allah ya kai ta lafiya.

Talata, da safe

Ta isa lafiya. Nasir ya jiyo a kan dutse. Abin da ya hau dominshi kuwa bai samu ba.

Laraba, bayan magariba

Malam Rabo ya zo da kanshi, wai bai ga goron gayyar suna ba. Na ce ba zai gani ba.

"Baba Gide, gobe kwana bakwai."

"Na iya lissafi, Malam."

"Kaka uba ne. In uba ba ya nan, kai ke tsaya mashi."

Na ce wanda ba ya nan daban, wanda ke kan hanya daban. Mas'udu kan hanya yake. Ya ja carbinshi, sannan ya ce malamai sun ba da dama, in bakwai ta wuce a yi a mako na biyu, in shi ma ya wuce a yi a na uku. Na ce to ka gani, addini ma ya san da mutumin da hanya ta riƙe. Ya ce, "Ba don a jinkirta aka faɗa ba, don wanda ya rasa yadda zai yi ne." Na ce ni ne wannan.

Alhamis, da hantsi

Yau da an yi suna. Wanzami ya zo da zabirarshi don askin jaririya, na ba shi haƙuri ya koma. Mata biyu daga Ruwan Godiya, dangin Lauratu, sun zo da kwallayensu, ba a gaya masu an ɗaga ba. Sun shiga sun fito ba su daɗe ba. Da suka zo wucewa ta zaure suka durƙusa suka gaishe ni, gaisuwar da ake yi wa mutumin da ake jin haushinshi.

Rago ya yini yana kuka. Na ba shi ruwa, na ba shi harawa, bai daina ba.

Juma'a

Ba su kira ba.

Asabar, bayan azahar

Yau na yi abin da ban saba ba, na ɗaga murya a cikin gida.

Bilki ta zo yi wa Lauratu wankan jego. Ina bayan dangar kara ina gyara turken rago, sai na ji ta ce, "Miƙo mani Talle in gasa mata cibi."

Talle. Sunan yaron da uwa ko uba ya rasu ya bar shi a zanen goyo ke nan, mace ko namiji. Ba shi da wata ma'ana bayan wannan.

Ban san lokacin da na zagayo ba. Na ce, "Bilki, wa kika kira?"

"Baki ne ya suɓuce, Malam Gide."

"To ki ɗaure shi. A gidan nan ba a yi rasuwa ba."

Bilki sa'ata ce, tare muka yi wasan ƙasa, ba ta tsorona. Ta ajiye ƙwaryar ruwan zafi ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Bana Talle nawa ka raɗa da bakinka a garin nan? Ta gidan maƙera ba kai ka faɗa ba? Na gidan mai unguwa ba kai ba ne?"

"Waɗancan an kawo gawar iyayensu maza, an yi masu salla."

"Ba duka ba," ta ce.

Na ce dai kada in ƙara ji. Ta ce ita ba za ta ƙara ba, amma ba ita ta fara ba, a bakin rijiya ta tsinto shi. Lauratu na cikin ɗaki, labule kawai ke tsakaninmu. Duk ta ji.

Lahadi, da safe

Ruwa. Dawar gonar fadama ta kai ƙirji, ciyawa na neman cim mata. Ba mai zuwa can. Ta bakin gari kawai muke taɓawa, ita ma sai rana ta fito sosai.

Litinin, bayan la'asar

Abdulgafar mai awo ya dawo. Mota ɗaya suka shiga da Mas'udu. Wasu manoma suka tsince shi ta wajen Sabuwa suka kawo shi a babur. Gari duk ya tafi gidansu, na jira sai da aka ragu.

Ban gane shi ba da farko. Ƙafafunshi na cikin kwano da ruwan ɗumi. Na yi mashi barka, na zauna, na yi ta zagaye ina tambayar abin da ba shi na zo ji ba. Shi ya gaji ya ce, "Baba, tun kwanakin farko aka raba mu. An yi gabas da su, mu aka yi da mu yamma."

"Da ka gan shi na ƙarshe, da ƙafarshi yake tafiya?"

"Da ƙafarshi."

"Ya yi maka maganar gida?"

"Ya ce matarshi watan haihuwarta ya kama." Sai ya sunkuyar da kai ya dubi ruwan kwanon. "An haihu?"

Na ce an samu mace. Ya ce Allah ya raya, ya sunanta? Na ce sai ubanta ya zo. Ya ɗago ya dube ni, bakinshi ya motsa, uwarshi ta shigo da kunu ta ce a bar shi ya huta.

Da ƙafarshi yake tafiya. Wannan na kawo gida. Na faɗa wa Mero, ta ce to.

Talata

Nasir ya kai abin da aka ce a kai, inda aka ce a kai. Ya dawo shi kaɗai, a ƙasa, ba babur. Sun ce a jira kira.

Laraba

Ba kira.

Alhamis, bayan azahar

Alhamis ta biyu. Malam Rabo bai zo ba, a masallaci ya tare ni bayan mutane sun fita. Ya ce, "Saura guda." Na ce na sani. Ya ce yarinya tana da haƙƙi a kanmu, ba ta yi wa kowa laifi ba. Na ce ubanta ma yana da haƙƙi, shi ma bai yi wa kowa laifi ba.

Gida uku sun kwashe yau, sun nufi Faskari. Na ga an ɗaura turmi a bayan babur. Matar ɗaya daga cikinsu ta tsaya sallama da Mero, na ji tana cewa, "A shafa mani kan yarinyar." Ta yi ɗan jim kafin ta ce yarinyar. Na san abin da ta haɗiye.

Juma'a, da yamma

Nasir ya hau dutse sau biyu. Lambar a kashe take.

Na tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci. Kwanonshi na nan a rufe yadda aka kawo.

Asabar

Da ƙafarshi yake tafiya. Mutumin da ke tafiya da ƙafarshi ai zuwa yake yi.

Lahadi, bayan la'asar

Jikin jaririya ya yi zafi tun safe, ta ƙi mama. Nasir ya aro babur ya ɗauki Lauratu da ita zuwa ƙaramin asibitin Ruwan Godiya. Na zauna a zaure na kasa ko jan carbi. Abin da ya yi ta zuwa mani shi ne, in Allah ya karɓi abinshi yau, me zan ce na rasa? Wa zan ce? Ko ɗan akuya in ya kwana biyu a gida ana samun abin kiranshi.

Sun dawo kafin la'asar. An yi mata allura, an ce cibi ne ya ɗan yi ruwa, da sauƙi. Alhamdu lillahi.

Nasir ya tsaya a kaina bai zauna ba. Ya ce malamar asibitin ta karɓi yarinyar tana mata wasa, ta ce ya sunan 'yar kyakkyawar? Lauratu ta buɗe baki ta rufe. Malamar ta sake tambaya, ta zaci ba ta ji ba. Sai Lauratu ta ja mayafi ta rufe fuska a gaban mutane.

"Baba, ni na ce mata ba a yi suna ba. Ta dubi girman yarinyar ta dube ni."

Na ce saura kwana kaɗan. Ya ce, "Kwana kaɗan me zai faru, Baba?" Bai taɓa mayar mani da magana ba sai yau. Ya ba ni haƙuri ya fita.

Litinin, da hantsi

Shekara tara Lauratu na gidan nan, ban taɓa jin muryarta ta wuce gaisuwa ba. In tana da magana sai ta bi ta bakin Mero. Yau ta fito da kanta, tana cikin jego, ta durƙusa a bakin ƙofar zaure ta ciki, ta juya mani gefe.

"Baba, a yi haƙuri, zan yi rashin kunya."

Na ce faɗi, ɗiyata.

"Ni ma jiranshi nake. Ko ni bai gaya mani sunan ba, na yi ta roƙo yana dariya. Amma Baba, ku kuka fi kowa sani, yaro ba ya zama ba suna. In ba a ba shi ba, wanda ke yawo a gari shi zai kama shi. A asibiti wata 'yar garinmu ta gan mu ta ce, ashe wannan ce Tallen. Ban taɓa gaya mata komai ba. Har can ya riga mu zuwa."

Ta share fuska da bakin zane.

"Kowane suna kuka ga dama ku sa mata, Baba. Ni dai kada ya dawo ya tarar ana kiran ɗiyarshi da wannan."

Ta tashi ta koma. Gaskiya ta faɗa. Akwai wata tsohuwa da muka taso muka tarar a garin nan, Abarta. Uwarta wabi ta yi ta yi, tana haihuwa suna komawa, da aka samu wannan sai mata suka ce Allah ya sa a bar ta. Sunan ya bi ta har ta yi jikoki. Ranar da ta rasu aka nemi sunanta na yanka don addu'a, ba wanda ya sani. Aka juyo aka dube ni. Ni ma ban sani ba. Sunan da mata suka raɗa a tsakar gida ya cinye wanda aka yanka wa rago. Wannan kuwa ko ragon ba a yanka ba, fili ne a buɗe.

Amma in na raɗa, na ce ba zai zo ya raɗa ba ke nan. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan.

Talata, bayan azahar

Na shiga cikin gida neman igiya, ban yi gyaran murya ba. Mero na zaune a ƙofar ɗakinta da yarinyar a cinya, ta ba ni baya. Tana jijjiga ta tana magana ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa jarirai. Na tsaya don na daɗe ban ji ta yi magana mai tsawo ba.

"Yi shiru, yi shiru. Yi haƙuri, Talle. Allah na nan."

Ba Bilki ba. Ba matan rijiya ba. Uwar da ta haife shi.

Ta juyo ta gan ni. Ba ta firgita ba, ba ta ce baki ne ya suɓuce ba. Ta dube ni kawai, idonta a bushe. Na ga ta daɗe da gama nata kukan, a inda ba mai gani, ni ina zaure ina gadin suna.

Na fita ba igiyar.

Talata, bayan la'asar

Na rasa inda zan sa kaina. Na je bakin gonar gari na dawo. Na je masallaci ba lokacin salla ba.

Lami ba za ta iya ba. Kande ba za ta iya ba, Marka ma haka. Duk sunaye ne masu kyau, amma ba su da nauyin da za su ture wancan. Mata za su ce Lami a gabana, in na juya baya su koma inda suka saba. Sai sunan da bakinsu ba zai iya tsallakewa ba.

Laraba, da safe

Na aiki Nasir ya sayo goro a raba. Na ce ya biya ya gaya wa wanzami, ya gaya wa Malam Rabo gobe bayan asuba. Ya tsaya yana kallona.

"Baba, an ji wani abu ne?"

"Ba a ji komai ba. Je ka."

Na wanke rago da kaina.

Alhamis, bayan azahar

An yi suna.

Mutane ba su da yawa, garin ya ragu. Tabarma biyu ta ishe mu a ƙofar gida. Ba maroƙi, ba kiɗa. Abdulgafar ya zo yana dogara sanda, ya zauna can baya. Aka raba goro. Malam Rabo ya matso ya kawo kunnenshi bakina, inda uba ke raɗawa. Na ɗan jira. Na dubi hanyar da ta fito daga Yankara, babu kowa sai wata akuya. Sannan na ce, "Maryamu."

Ya ja baya ya dube ni. "Sunan mai ɗakinka?"

"Sunan uwar Mas'udu."

Mero ai Maryamu ce, baki ne ya gajarta shi tun tana yarinya. Malam Rabo ya faɗa da ƙarfi, aka shafa fatiha, Nasir ya kayar da rago. Ban kalli wajen ba.

Da labari ya shiga cikin gida na ji guɗa guda ɗaya, gajera, ta Bilki. Can sai ga ta a bakin zaure da jaririyar, an yi mata aski kanta na sheƙi.

"Tsoho mai taurin kai," ta ce. "Ka ɗaure mana baki gaba ɗaya."

Ta gane. Wa zai dubi takwarar uwar gida, a gaban uwar gida, ya kira ta da sunan marayu? Kuma Lauratu ba ta iya kama sunan surukarta, Nasir ba ya iya kama sunan uwarshi. Dole a nemi na sakayawa, kuma guda ɗaya ne kowa ya sani.

"To faɗi na kiran mu ji," in ji Bilki, "tunda aikinka ne."

Na ce, "Ummi."

Uwata ke nan da Larabci. Sunan da ɗa ke kiran ɗiyarshi da shi in an mayar mashi da uwarshi, don bakinshi ba zai iya faɗin na yankan ba. Daga bakin uba yake fitowa, sauran mutane ara suke yi.

Bilki ta ce, "Ummi," ta gwada shi a baki kamar mai ɗanɗana miya. Ta juya ta shiga tana faɗa wa mata.

Sai da aka watse Mero ta fito. Rabonta da zuwa zaure da rana har na manta. Ta tsaya daga bakin ƙofa, yarinyar na kafaɗarta.

"Malam, me ya sa ka yi mani haka?"

"Me na yi maki? Takwara na ba ki."

"Ka san abin da nake nufi. Na riga na sa wa zuciyata haƙuri, ka zo ka tayar. Yanzu kullum aka kira ta sai na juya in ga ko shi ne."

"Sai ki riƙa juyawa."

Yarinyar ta motsa, Mero ta gyara mata kai.

"In ba shi yaron nan ya zaɓa ba fa?"

"To ya zo ya faɗa mani da bakinshi," na ce. "Ina nan zaure."